Ƙanwata Ta Fi Ni Tsayi, Amma Ni Ne Babba



A Ƙaramar Sallar da ta wuce kawunmu ya cika mana alkawari. Ya ɗebe mu mu huɗu, ni da ƙanwata da 'ya'yansa biyu, muka hau mota daga Dambatta zuwa birnin Kano, wani wurin wasan yara mai lilo da ɗan ƙaramin jirgin ƙasa. Tun a gida ya lissafa kuɗinsa tsaf: na mota zuwa da dawowa, na shiga, da ɗan abin da za mu jiƙa maƙoshi. A bakin ƙofa an rubuta cewa yaron da bai cika shekara 12 ba rabin kuɗin manya zai biya. Ni na san na wuce, ba gardama. Ƙanwata kuwa shekararta 11, sai dai Allah ya yi ta doguwa, har yaran unguwarmu suna tsokanarta da falwaya.

Mai sayar da tikiti ya dube ta daga sama har ƙasa, ya ce, "Alhaji, wannan ai budurwa ce, kuɗin manya za a biya."

Kawu ya ce, "Haba malam! 'Yar yayata ce, a gabana aka raɗa mata suna. Wannan da kake gani shi ne yayanta."

Mutumin ya dube ni, ya yi dariya, ya ce, "To ina shaida?"

Ba mu da ita. Layi ya yi tsawo a bayanmu, mutane sun fara tsaki. Kawu ya ciro kuɗin lemonmu ya cika. Rashin lemon bai dame ni ba kamar yadda na ga ƙanwata ta ja hijabi ta rufe fuska, ta yini tana tafiya a duƙe don kada a ga tsawonta. Ban ga laifin mai tikitin sosai ba, don na tabbata tun safe ake yi masa ƙaryar shekaru. Amma abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na bi diddigi: yaya ake tabbatar da shekarun yaro idan jikinsa ya fi shekarunsa?

Abu na farko da na gano shi ne ido ba ya auna shekaru. A darasin kimiyya an koya mana cewa akwai lokacin da yaro yake yin tsawo da sauri, kuma mata sun riga maza shiga wannan lokaci. Yarinya takan fara miƙewa tun tana shekara 10 ko 11, namiji kuwa yawanci sai ya kai 12 ko 13. Shi ya sa idan muka yi layi a asambuli za ku ga 'yan matan aji ɗaya da yawa sun kere mazan ajinsu. Ga kuma gado: kakanmu na wajen uwa sai ya sunkuya yake shiga zaurensa. Abinci da lafiya ma suna da nasu rabon. Yaro biyu da aka haifa mako ɗaya, wanda ya sha fama da ciwo yana ƙarami zai iya zama kamar ƙanin ɗayan.

Mutanen da ma sun yi ta neman dabara a jikin yaro. Babanmu ya ce a zamaninsu idan za a ɗauki yaro firamare, sai a ce ya ɗora hannunsa ta saman kai ya taɓo kunnen ɗaya ɓangaren. In ya taɓo, ya isa shiga makaranta. Wasu kuma haƙora suke dubawa, domin yaro yakan fara famfara wajen shekara 6. Duk wannan kintace ne. Ko masu ƙwallon ƙafa da suke da kuɗi sun sha wahalar wannan magana. A shekarar 2009, da aka yi gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Nijeriya, wadda har a filin wasa na Sani Abacha da ke Kano an buga wasanni, hukumar FIFA ta kawo na'urar ɗaukar hoton ƙashi. Wuyan hannun ɗan wasa ake dubawa, domin akwai wata gaɓa a ƙashin da ba ta haɗewa sai mutum ya gama girma. In ta haɗe, sai a ce ya wuce. Ita ma na'urar ba ta faɗin ranar haihuwa, kuma ba wanda zai ajiye ta a ƙofar wurin lilo.

Akwai inda tsayi yake da amfani, kada a ce na manta. A manyan wuraren wasa na ƙasashen waje ana kafa ma'auni a gaban lilo mai gudu, yaron da bai kai tsayin ba ba zai hau ba, don kada ya zame daga abin da yake riƙe shi. Wannan maganar tsaro ce. Maganar kuɗi kuwa da shekaru ake yi. A wuraren Disney na Amurka, tikitin yara daga shekara 3 ne zuwa 9, wanda ya cika 10 kuɗin manya zai biya, dogo ne shi ko gajere.

Da muka dawo gida muka ba da labari, sai rigima ta biyu ta tashi. Kaka ta ce, "Ai mutumin ya fi ku gaskiya. A watan azumi aka haife ta, azumin bana shi ne na goma sha biyu da haihuwarta." Inna ta ce sam, sha ɗaya ne. Ta buɗe adakarta ta lalubo katin rigakafin ƙanwata, wanda aka rubuta a asibiti tun tana jaririya. Muka lissafa da kalanda, shekara 11 da wata takwas.

Abin mamaki, duk su biyun gaskiya suka faɗa. Kaka da watan Musulunci take ƙirga, shekarar Hijira kuwa kwana 354 ce ko 355, ta gaza shekarar Miladiyya da wajen kwana 11. Ku ninka 11 sau 12, za ku samu kwana 132, wato wata huɗu da 'yan kwanaki. To ga inda bambancin ya fito. Makaranta da asibiti da ofisoshin gwamnati duk da Miladiyya suke aiki. Sannan mu Hausawa muna cewa yaro "ya shiga" shekara kaza tun bai cika ta ba. Sunayenmu ma ba sa taimakawa: Talatu da Balarabe da Jummai suna faɗa maka ranar mako, Azumi tana faɗa maka wata, Anaruwa yana faɗa maka damina ce, amma ba mai faɗa maka shekara. In ka matsa wa tsofaffi sai su ce "shekarar da aka yi kullen korona", wannan da sauƙi, 2020 ce. In suka ce "shekarar da gero ya yi kyau" fa?

Shaidar da ba a musu da ita ita ce takardar haihuwa, kuma Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce take bayar da ita. Katin asibiti yana taimakawa wajen samunta, amma ba shi ne ita ba. Akwai doka tun 1992 da ta wajabta yi wa kowane jariri rajista, kuma so ake a yi cikin kwana 60 da haihuwa. Yawancinmu a gida aka haife mu, ungozoma ta yanke cibi, ranar bakwai aka yanka rago, shi ke nan ba wanda ya rubuta komai. Duk da haka ƙofa ba ta rufe ba. Uba ko uwa za su iya zuwa wajen jami'in rajista na hukumar, a sakatariyar ƙaramar hukuma ko a asibitin da yake zama, su tafi da katin rigakafi in akwai. Wanda ya bari har ya cika shekara 18, tasa hanyar ta fi tsawo, don sai ya fara zuwa kotu ya yi rantsuwa a kan shekarunsa.

Ga wata matsala da nake roƙon 'yan aji uku su kula da ita. Wasunmu lokacin shiga firamare ba a san ranar haihuwarsu ba, sai aka rubuta musu 1 ga Janairu kawai. Ku tambayi 'yan ajinku ku ji mutum nawa ne aka "haifa" ran nan! Idan abin da ke fayil ɗinka na makaranta daban, na takardar haihuwa daban, na lambar NIN kuma daban, wahala tana jiranka a gaba, tunda yanzu ba a rajistar JAMB sai da NIN. Gara ka je wajen malamin ajinku ka duba abin da aka rubuta maka tun kafin a cika fom ɗin jarrabawa.

Wanda ya samu takardarsa kuma ya sa ta a leda ya ajiye inda gara da yoyon ɗaki ba za su kai ba. A yi hotonta a kan takarda don yawo da shi, ko a ɗauka a wayar wani babba a gida.

Babanmu ya je ya karɓo wa ƙanwata tata, kawu kuma ya ɗauki hotonta a wayarsa. Ya ce da Babbar Sallah zai sake kai mu in Allah ya hore. Na lissafa, lokacin saura mata kusan wata biyu ta cika 12. Ta ce ita za ta riƙe wayar a bakin ƙofa.