Ɗigo Ɗaya a Sikirin: Garantin Kamfani ko Damar Mayar da Kaya?

Sikirin ɗin laftof da ake ce wa Full HD yana da ɗigogin haske 1920 a kwance, 1080 a tsaye, jimilla 2,073,600. Kowane ɗigo kashi uku ne, ja da kore da shuɗi, kuma kowane kashi yana da ɗan taransistan da ke sarrafa shi. Taransista sama da miliyan shida ke nan a gilashi ɗaya. In ɗaya ya samu tangarɗa tun a masana'anta, sai ka ga baƙin ɗigo kamar kashin ƙuda a tsakiyar farin shafi, ka sa farce ka kankare, ya ƙi fita. Wani kuwa maƙalewa yake yi a launi guda, yana ta ƙyalli ja ko kore ko da an baƙanta sikirin duka.

Wanda ya sayi sabuwar laftof ya tarar da haka, hanya biyu gare shi: ya nufi kamfanin da ya ƙera da takardar garanti, ko ya mayar wa wanda ya sayar masa.

Kamfani ƙidaya yake yi. Tun 2001 ƙa'idar ISO 13406-2 ta kasa sikirin aji-aji, daga baya jerin ISO 9241 na 2008 ya gaje ta. A aji na biyu na tsohuwar ƙa'idar, inda galibin kayan kasuwa suke, an yarda a samu ɗigo 2 masu haske kullum, 2 baƙaƙe, da ƙananan kashi 5 masu matsala a cikin kowane miliyan ɗaya. Lissafa da sikirin Full HD: baƙin ɗigo huɗu na iya zama a gabanka, kuma a takarda kayanka lafiya lau. Da Nintendo ta fitar da Switch a 2017, ƙarara ta ce 'yan ɗigogi matattu ɗabi'ar sikirin LCD ce, kada a ɗauke su aibi. Masu saye sun yi ca a kanta, amma abin da sauran kamfanoni ke rubutawa da ƙananan haruffa ne ta faɗa da babbar murya.

Suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Da za a zubar da duk gilashin da ɗigo ɗaya ya lalace a jikinsa, asarar kan farashi za ta hau, mai saye ne zai biya. Shi ya sa alkawarin "ko ɗaya ba za a samu ba" ya zama abin sayarwa. Dell tana musanya manyan sikirin ɗinta na UltraSharp ko ɗigo ɗaya mai haske aka gani cikin wa'adin garanti, ASUS ma tana da irin wannan alkawari a wasu kayanta. A lura, mai haske aka ce. Baƙin ɗigo sai ya taru. Inda nake ganin ƙidaya ta gaza shi ne ido ba ya ƙidaya. Ɗigo uku a lungun ƙasa mutum zai shekara bai lura ba, amma guda ɗaya daidai inda yake karatu zai hana shi sakat kullum.

Damar mayar da kaya ba ruwanta da wannan gardama. A Tarayyar Turai, wanda ya sayi kaya ta intanet yana da kwana 14 ya fasa ciniki ba tare da ya faɗi dalili ba. Babu mai tambayarsa ɗigo nawa ne. A Birtaniya dokar 2015 ta ba da kwana 30 na ƙin karɓar kaya mai aibi, sai dai a nan an koma gidan jiya, don dole a fara yarda cewa aibi ne. Raunin wannan hanya gajartar lokaci: garanti yakan kai shekara, ita kuwa kafin ka gama murnar sabon kaya ta rufe. Duk da haka ita na fi ba ƙarfi, tunda galibin waɗannan ɗigogi da su ake fitowa daga masana'anta, ranar farko ana iya kama su.

A Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja, inda laftof da yawa na hannu ne daga Turai da Amurka, garantin ya daɗe da ƙarewa, mai shago kuma yana iya ce maka kaya in ya fita ba ya dawowa. Kwana 14 ɗin Bature sun koma minti goma a bakin kanta. Goge sikirin da ƙyalle tukuna don kada ƙura ta ruɗe ka, ƙure haske, cika fuskar da fari ka duba baƙin ɗigo, sannan da baƙi ka duba mai ƙyalli, ka bi da ja da kore da shuɗi ɗaya bayan ɗaya. In ka ga ɗaya a gefe, nuna wa mai shago da yatsa a rage maka kuɗi. In a tsakiya yake, ce a ɗauko wata.