Idan ƙaguwa tana cinye maka ƙoto a bakin teku: ga yadda za ka ɓullo mata

Da yawa daga cikin 'yan uwanmu mazauna Legas, Badagiri, Fatakwal da Kalaba sun taso da fatsa a hannu tun daga gida, a kogi ko a dam. Amma da zarar mutum ya gwada jefa ƙugiya a teku, sai ya tarar da abin da bai saba da shi ba: ka sa ƙoto mai kyau, ka jefa, ka zauna jira, ka jawo bayan rabin awa ka ga ƙugiya fayau kamar an wanke ta. Ba kifi, ba ƙoto. A haka kuɗin titus da jatan lande da ka saya za su ƙare, ka koma gida hannu rabbana. Galibi wannan aikin ƙaguwa ne, kuma maganinsa yana cikin sanin halinta.

Halin ɓarauniyar

Ƙaguwa a ƙasan ruwa take kiwo, kuma ƙamshi take bi, ba gani ba. Duk abin da ya kwanta a kan yashi ko laka yana fitar da mai da jini, to ya aika mata goron gayyata. Ba ta haɗiye ƙoto kamar kifi. Riƙewa take da ƙafafunta masu kama da almakashi tana yagar naman kaɗan-kaɗan, shi ya sa da wuya ƙugiya ta kama ta.

Za ka gane ita ce daga motsin igiya. Kifi yakan fizga da ƙarfi, sau ɗaya ko biyu, ko ya ja ya gudu. Ita kuwa sai ka ga kan sanda yana ɗan rawa a hankali, ko ka ji nauyi kamar ka kamo leda. In ka jawo za ka ga ƙoton a yayyage, wani lokaci har igiyar kusa da ƙugiya ta lanƙwashe ko ta yanke.

Ɗaga ƙoton daga ƙasa

Wannan shi ne babban magani. Ɗaurin da aka saba a kogi, wato dalma a sama, ƙugiya a ƙarshen igiya, shi ke kwantar da ƙoto a gaban ƙaguwa. To, sai ka juya shi. Dalma ta koma can ƙarshe, ƙugiya kuma ta rataya a ɗan gajeren reshen igiya kamar taƙi ɗaya, a ɗaure shi kamu ɗaya ko fiye sama da dalmar. Bayan ka jefa, ka ɗame igiyar, ka kafa sandar a tsaye kanta a sama. In igiya ta yi sako-sako, ƙoton zai koma ƙasa, aikin ya zama na banza.

Ƙarin dabara: yanki ɗan guntun tsohon silifas ko abin toshe kwalba, kamar girman kan yatsa, ka zura shi a igiya dab da ƙugiya. Shi zai riƙa ɗaga ƙoton yana lilo da shi a ruwa, wannan motsin ma yana jawo hankalin kifi. Sai dai ka sani, ƙaguwar nan mai shuɗi-shuɗi da ta cika lagun na Legas tana iyo, ƙafafunta na baya kamar filafili suke. Ɗagawa tana rage ɓarnarta, amma ba ta hana ta gaba ɗaya, don haka sai an haɗa da gyaran ƙoton kansa.

Ƙoton da ba ya yaguwa da sauƙi

Titus na da mai da ƙamshi, amma namansa ruɓus yake, musamman wanda ya sha ƙanƙara ya narke. Minti kaɗan ƙaguwa ta gama da shi. Yanka shi siriri tare da fatarsa, ka barbaɗe shi da gishiri sosai ya kwana, ka tsiyaye ruwan da ya fito. Naman zai yi tauri, ƙamshin kuma yana nan. Haka za ka yi wa shawa. Wajen sawa, ka ratsa ƙugiya ta cikin fatar sau biyu, sannan ka naɗe da zaren ɗinki ko siririn zaren roba, ka bar bakin ƙugiya a waje. In jatan lande ne, kada ka ɓare shi, ɓawon garkuwa ne.

Kada ka daɗe kana jira

Inda ƙaguwa ta yi yawa, barin ƙoto rabin awa asara ce. Duba shi duk bayan minti 10. In ka tarar da shi lafiya, ƙara lokaci. In an cinye, rage. Ka shirya ƙugiya ta biyu da ƙotonta tun kana jiran ta farko, don kada a ɓata lokaci wajen canji. Jan dalma kaɗan-kaɗan, kamar taku ɗaya duk bayan minti biyu, shi ma yana raba ƙoto da ƙaguwar da ta fara lallaɓowa.

Lokaci da wuri

Teku na cika ya janye sau biyu a kowace rana, tsakanin cika da cika kusan awa 12 da minti 25, kuma lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50 kullum. Ƙaguwa ta fi samun sarari idan ruwa ya tsaya cik, wato a ƙarshen cika ko ƙarshen janyewa, da kuma dare. Lokacin da ruwa ke shigowa da gudu, kifi irin su kuroka na matsowa bakin gaɓa neman abinci. Wannan shi ne lokacinka. A wajen Kalaba da Boni bambancin cika da janyewa ya fi na Legas girma, don haka lura da shi ya fi muhimmanci a can.

In ka canza ƙoto sau uku huɗu duk ana cinyewa, kar ka yi taurin kai. Matsa taku hamsin, ko ka canza nisan jifa. Bakin lagun mai laka, gindin gada da wurin da ake zubar da ƙazantar kifi, duk gidan ƙaguwa ne. Ka tambayi masuntan wurin, Ilaje ne ko Egun ko Ijo. Wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi.

Wani lokacin kuma alheri ne

Idan ƙaguwa tana ta ɓarna sai kwatsam ƙoto ya fara dawowa lafiya, ka shirya: sau da yawa babban kifi ne ya shigo wurin ta ɓuya. Wadda ta biyo igiya ta fito kuwa, taka ta da takalmi a hankali, ka kama ta ta baya inda almakashinta ba sa kaiwa. Ko ba ka ci, tana da masu saye a kasuwa. Wadda ta saɓa ɓawo, jikinta na da laushi, ƙoto ce mai kyau ƙwarai.

Abu na ƙarshe, jama'a: kada gudun ƙaguwa ya sa ka shiga cikin ruwa don jifa ya yi nisa. Tekun Legas ba kogi ba ne, igiyar ruwansa tana janye mutum ko ya iya iyo, musamman da damina. Tsaya a kan busasshen yashi, kada ka juya wa teku baya, kuma kada ka tafi kai kaɗai da dare. Allah Ya ba da sa'a, Ya tsare.