Cinikin Jita ta Hannu: Ribar Mai Saye Tana Hannun Mai Gyara

LEGAS: Daga cikin kayayyakin da ake saukewa a tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Kan, tare da tsofaffin firji da talabijin da injinan motoci, akwai kayan kiɗa na hannu waɗanda aka gama amfani da su a Turai da Amurka da Japan. Jita ta katako, wadda ba ta buƙatar lantarki, tana cikin waɗanda suka fi samun kasuwa. Daga tasha sai kasuwar Alaba da ke Ojo, daga can kuma su bazu zuwa Onica, Ibadan, Jos da Sabon Garin Kano. Masu sayenta sun haɗa da majami'u, makarantu, ɗalibai da ƙananan makaɗa.

Jita ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. Ma'aikatan jiragen ruwa 'yan ƙabilar Kuru na Laberiya suna cikin waɗanda suka yaɗa salon kaɗa ta a gaɓar Afirka ta Yamma, kuma a kanta aka gina kiɗan juju na ƙasar Yarbawa. Amma har yau akasarin jitocin da ke kasuwa daga waje ake shigo da su, don haka farashinsu yana bin farashin dala sau da ƙafa.

A 1985 naira ɗaya ta ɗara dala ɗaya daraja a farashin gwamnati. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 sai ta fara gangara, har ta tsaya a wajen naira 22 kan dala ɗaya a tsakiyar shekarun 1990. A wannan zamani ne kalmar tokumbo ta zama ruwan dare. Da aka sake sakin naira a watan Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Duk lokacin da haka ta faru, mai ƙaramin ƙarfi yakan juya baya ga sabo ya nufi rumfar 'yan gwanjo.

To sai dai wannan kasuwa tana da matsalar da masana tattalin arziki suka daɗe da sani. A 1970 masanin Amurka George Akerlof ya yi nazari a kan cinikin tsofaffin motoci, inda ya nuna cewa idan mai sayarwa ya san aibin kayansa amma mai saye bai sani ba, mai saye zai karya farashin kowane kaya don gudun asara. Masu kaya mai kyau sai su janye, kasuwa ta cika da rubabbu. Wannan aiki na cikin abin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2001. Haka abin yake ga jita: fenti mai sheƙi yana iya rufe ɓarnar da gyaranta ya fi kuɗin sayen.

Tushen yawancin ɓarnar ƙarfin tsirkiya ne. Tsirkiyoyin ƙarfe shida, idan aka ɗaure su daidai, suna jan jikin jita da nauyin da ya kai kilo 70 ko fiye, dare da rana, alhali kaurin katakon fuskarta bai wuce milimita 3 ba. Tsirkiyoyin roba kuwa jansu wajen rabin haka ne. Shi ya sa ɗaura tsirkiyar ƙarfe a kan jitar da aka ƙera don ta roba yake ɓanɓare jakinta, wato katakon da tsirkiyoyi suke zaune a kansa, ko ya lanƙwasa wuyanta. Wannan kuskure ya zama ruwan dare a kayan gwanjo.

Saboda haka ɓarna ta kasu gida biyu ta fuskar kuɗi. Akwai mai araha: tsirkiya da ta yi tsatsa, maɗauri da ya lalace, ƙaramin ƙashin da ke kan jaki idan ya ci, da jakin da ya fara ɗagowa amma bai tsage ba. Duk waɗannan ana canza su ko a manne su cikin kwana ɗaya ko biyu. Wuyan da ya ɗan lanƙwashe ma ana miƙe shi da sandar ƙarfen da ke cikinsa, muddin ba ta karye ba.

Akwai kuma mai tsada. Babbarta ita ce sauyawar zaman wuya a jikin jita, wadda shekaru suke jawowa. Ana gane ta da auna tazarar tsirkiya daga ƙarfen matsi na 12: a jita lafiyayya ba ta cika wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Idan ta zarce haka da yawa, kuma ƙashin kan jaki ya riga ya yi ƙasa, to sai an cire wuyan da tururi an sake dasa shi. Aiki ne na gwani, kuma ba ya biyan kansa sai a jita mai daraja. Haka nan wuyan da ya murɗe, da ginshiƙan ciki da suka saki. Waɗannan ginshiƙai ana gane sakinsu da ƙwanƙwasa fuskar jita da ɗan yatsa: inda aka ji kaɗawa kamar ta fasasshiyar ƙwarya, akwai matsala a ciki.

Lissafin da ya kamata mai saye ya yi mai sauƙi ne. Alal misali, a ce sabuwar jita irinta tana kan kashi 100, an sallama tsohuwar a kan 40, mai gyara kuma ya nemi 15. An samu rangwamen 45. Amma idan gyaran wuya ne da zai ci 50, ragowar 10 ba ta kai haɗarin da aka ɗauka ba, tun da ba a mayar da kayan gwanjo. Hikimar ita ce a ji ta bakin mai gyara kafin a biya, domin araha ba ta ado.

Yanayi ma yana da nasa haraji. Kamfanonin jita suna ba da shawarar a ajiye ta inda laimar iska take tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100. Legas ta fi haka laima, Arewa kuwa a lokacin hunturu takan sauka ƙasa da kashi 20. Jitar da aka saya lafiya a Alaba aka kai ta Kano ko Jos a watan Janairu tana iya tsagewa cikin 'yan makonni, musamman mai fuskar katako zalla. Mai fuskar falanki, ko da yake sautinta bai kai na waccan ba, ta fi jure wannan sauyi. Maganin mai araha ne: soso mai ɗan danshi a cikin gwangwani mai huji, a ajiye a cikin akwatin jitar. Idan kuma ta tsage, ana mayar mata da laima har bakin tsagar ya haɗu, sannan a manne da gam ɗin katako a yi mata ƙananan faci daga ciki. Ƙusa da gam mai ƙamewa nan take, waɗanda wasu kafintoci suke gaggawar sawa, sukan hana gyara na gaba, su kuma kashe darajar jitar.

Wani abin da ya ƙara wa tsohuwar jita daraja shi ne ƙarancin katako. Yarjejeniyar CITES ta hana cinikin jan katakon Burazil tsakanin ƙasashe a 1992, sannan a 2017 ta sa ido kan sauran danginsa, kafin a sassauta wa kayan kiɗa a 2019. Ita ma madobiyar Nijeriya, wadda aka yi ta kwasa zuwa ƙasar Sin don yin kujeru, ta shiga jerin a 2017, aka kuma dakatar da fitar da ita daga ƙasar nan a 2018. Irin katakon da ke jikin wasu tsofaffin jitoci yana da wuyar samu yanzu.

Duk wannan yana nuni ga sana'ar da ba a ba ta muhimmanci ba. Kayan aikinta ba su da yawa: matsi, gam, zarto, magagari da ma'auni. Hannun da ya iya gyaran garaya da molo bai yi nisa da ita ba. Makaɗin nan na Nijar, Mdou Moctar, da wayoyin birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Idan makarantun koyon sana'a suka sanya gyaran kayan kiɗa a sashen kafinta, kuma dillalai suka fara sayar da jita tare da shaidar mai gyara da lamunin 'yan watanni, mai saye zai daina biyan kuɗi a makance, mai kaya nagari zai samu farashin da ya dace, kuma wani kaso na kuɗin da ake kashewa wajen shigo da sabo zai tsaya a gida.