Gida bisa taya huɗu: baƙin da suka daina ya da zango a Kurfai

Duk wanda ya yi wayo a Filinge cikin shekarun 1980 ba ya rasa tunawa da su. Da zarar hunturu ya kama, sai a hango wata mota ta ɓullo daga arewa, ƙura ta rufe ta har ba a shaida launinta, jarkoki da tayoyi ɗaure a bisa, faifan ƙarfe biyu rataye a gefe. In an buɗe ƙofa, ga gado, ga murhun gas, ga tukwane an ɗaure su tamau don kada su yi tsalle. Faransawa na ce mata camping-car, wato mota mai ɗaki, wadda mai ita ke kwana ciki, ya yi girki ciki, ya tashi da ita duk sa'ad da ya ga dama.

Daga Faransa, Jamus, Holan da Suwis waɗannan Turawa ke fitowa. Sukan ƙetare teku da jirgin ruwa su sauka Aljeriya, su gangaro Tamanrasat, daga nan su faɗa rairayi na kusan kilomita 400 kafin In Gezam, su shigo Nijar ta Asamaka, sai Arlit da Agadas. Mafi yawansu, in sun iso Tawa, kwalta suke bi ta Birnin Ƙonni da Doso har Yamai. Tsiraru ne, masu taurin kai, ke yanko ta Sanam su biyo Dallol Boso, su ratsa ƙasar Kurfai. Filinge na da nisan kilomita kamar 180 daga Yamai, amma a wancan zamani, ga mai zuwa daga arewa, kafin ya gan ta sai ya sha gargada da yashi.

A Agadas da Yamai akwai wuraren sauka na kuɗi, masu katanga da famfo da mai gadi. Tsakaninsu kuwa, inda rana ta faɗi nan ne zango. Matafiyi yakan kauce wa hanya, ya fake ƙarƙashin gawo ko gindin tsaunukan da suka yi wa dallol iyaka, yana tsammanin ya sami kaɗaici. Kafin ruwan shayi ya tafasa, yara sun kewaye shi. A ƙasar Hausa babu dajin da ba shi da mai shi, kuma baƙon da ya sauka bai yi sallama ba abin kallo ne, ko da bai zo da ɗaki bisa taya ba.

Abin da baƙin ke taƙama da shi, wai sun ɗauko duk abin da suke bukata, ba sa jingina da kowa. Hanya ba ta jima ba ta ƙaryata su. Ruwan jarka kwana kaɗan yake yi, daga nan sai bakin rijiya, a jira mata su gama ja, a roƙi aron guga. In mota ta kafe, sai a rage iskar taya, a tone yashi da shebur, a cusa faifan nan ƙarƙashi. In duk bai yi ba, sai samarin ƙauye sun sa hannu. In ƙarfe ya karye, makanikin gari ne zai ɗinke shi da walda ko ya ƙera madadinsa daga gawar wata mota, aikin da a Turai za a ce sai an yi odar sabo. Ga zazzaɓin cizon sauro da ake tarewa da Nivaquine, ga ciwon ciki. Ga kuma hukuma: zamanin Seyni Kunce, wanda shi kansa ɗan Fandu ne a wannan yanki, baƙo sai ya kai fasfo wurin ƴan sanda a manyan garuruwa an buga masa hatimi, kuma ɗaukar hoto sai da takardar izini.

Ba duka ne ƴan yawon buɗe ido ba. Da yawa sun yi gida ne cikin Peugeot 504 ko 404 da suka saya da araha, su sayar da ita a Arlit, Agadas ko Yamai, su koma ta jirgin sama da ribar. Motocin haya da dama da suka yi shekaru suna jigilar ƴan kasuwar Balayara ta ranar Lahadi ta wannan hanya suka shigo.

Mutanen Kurfai dai ba su ga sabon abu ba a batun ɗaukar gida a yi gaba. Fulani da Buzaye sun riga mota wannan sana'a: da damina su haura arewa da bisashe, bayan girbi su sauko dallol, tabarmi da sandunan bukka bisa jaki ko raƙumi, daga wannan mashekari zuwa wancan. Bambancin, Bature na tafiya don marmari, makiyayi kuwa don ciyawa da ruwa, kuma in burtali ya toshe da gona shi ba ya da tikitin komawa wani wuri. Sai a 2010 doka ta fito fili ta amince cewa ƙaura haƙƙin makiyayi ce.

Ƙafar baƙin ta ɗauke a hankali. Tawaye ya ɓarke a arewa bayan abin da ya faru a Cintabaradan a 1990, Aljeriya ta faɗa yaƙin basasa a 1992. Bayan sulhun 24 ga Afrilu 1995 wasu sun dawo, sai aka sace Turawa 32 cikin saharar Aljeriya a 2003, aka soke tseren Dakar na 2008. Kisan Faransawa 6 da ƴan Nijar 2 a Kure ranar 9 ga Agusta 2020 ya ƙarasa rufe ƙofa.

A Abala, arewa da Filinge, an sake ganin mutane da gida bisa kai a 2012. Ƴan gudun hijira ne daga Mali, da jakuna da amalanke, kuma zangon da aka kafa musu ya yi shekaru ba a tashe shi ba.