Auna Tsawon Rai Unguwa-Unguwa

A shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton da ya tayar da hankali a Birtaniya. Rahoton ya nuna cewa yaro namiji da aka haifa a unguwar Calton ta birnin Glasgow ana sa ran ya yi shekara 54 a duniya, na garin Lenzie kuwa 82, alhali tsakaninsu bai kai kilomita 15 ba. Matsakaicin adadi na ƙasa baki ɗaya ba zai taɓa tona wannan tazara ba.

Lissafin nan ba duba ba ne, ajali na Allah ne. Ana raba mutanen yanki rukuni-rukuni bisa shekarunsu, a ga nawa suka rasu a kowane rukuni, sannan a ƙiyasta shekarun da jariri zai yi idan mutuwa ta ci gaba da ɗauka a haka. Edmond Halley ya tsara irin wannan jadawali tun 1693 da bayanan birnin Breslau.

Wahalar tana ga ƙaramin wuri. A unguwa mai mutum dubu uku, rasuwar jarirai biyu kawai tana iya sa adadin ya yi ƙasa sosai, baɗi kuma ya yi tsalle ba tare da an gina ko ɗakin shan magani ba. Ita kanta Calton a lokacin mutanenta kaɗan ne, ga gidajen kwanan marasa galihu a ciki, kuma hakan ya ƙara nauyin mace-macenta. Shi ya sa masana kan haɗa bayanan shekara biyar wuri guda, ko su jingina lissafin unguwa da na maƙwabtanta. Mai bin sauyi shekara da shekaru kuma dole ya lura ko an sake shata iyakar yankin.

A Nijeriya matsalar ta fi haka zurfi. Yawancin mamata ana yi musu sutura a kai su makwanci ba rajista, rabon ƙasar da ƙidaya kuma tun 2006. Sai dai a dogara da binciken gida-gida, inda ake tambayar uwa ’ya’ya nawa ta haifa, nawa ke raye. Binciken 2018 ya nuna cikin yara 1,000, 252 ke rasuwa kafin shekara biyar a Kebbi, 30 a Ogun. Abin takaici, irin wannan bincike a matakin jiha yake tsayawa, bai isa ya bambance Argungu da Yawuri ba.