A-KORI-KURAR DA TA TASHI DAGA BARCI

Jama'a, Hausawa sun ce da tsohuwar zuma a kan yi magani. A bayan ɗakin ajiya na kwalejinmu ta horad da malamai akwai wata darbejiya, a gindinta kuwa wata tsohuwar a-kori-kura ta yi fiye da shekara 10 tana kwance. Tayoyinta sun sace sun nutse cikin ƙasa, kaji sun mai da kujerarta akurki, tsatsa ta ci ƙofofinta har ana hangen haske ta ciki. Duk wanda ya wuce sai ya ce saura a kira 'yan gwangwan su auna ta a sikeli. Yau ga ta tana ratsa hanyoyin ƙauye da kayan kwananmu a bayanta. Mun ga ya kamata mu ba masu karatu labarin yadda aka yi, gama mun san babu makaranta ko ofishin da ba a rasa irin wannan gawa a bayan gida.

Abin da ya kwantad da ita tun farko ba wani babban ciwo ba ne. Famfon ruwan injin ne ya fara yoyo, aka rubuta takardar neman kuɗin gyara, amsa ba ta zo ba. Direbanta ya yi ritaya. Yau a cire batir a ba wata mota aro, gobe a zare fitila, har aka manta da ita. Watau ba tsufa ya kashe ta ba, sakaci ne.

Mu kuwa rashinta ya dame mu ƙwarai. Kowace shekara mu kan aika da ɗalibai su koyi aikin koyarwa a makarantun ƙauyuka, waɗansu nesa da kwalta. Wajibi ne malami ya je ya zauna a bayan aji ya ga yadda ɗalibinsa ya ke koyarwa, ya gyara masa. In ba mota, sai a duba na kusa, na nesa a ba su maki bisa zato. Wanda ke shan wahalar wannan zato kuwa shi ne yaron ƙauye da za a danƙa wa malamin da ba a gyara ba.

ASALINTA

Motar nan Peugeot 404 ce. A Faransa aka fara fito da irinta cikin 1960, sa'an nan da aka buɗe ma'aikatar harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna cikin 1975 sai ta zama 'yar gida. Injinta mai silinda 4 ne, girmansa cc 1,618, giyarta ta gaba 4, sandar giyar kuwa a jikin sitiyari ta ke. Babu kwamfuta a cikinta, kafireta ce da fulogi da wayoyin da ido ke iya bi daga farko har ƙarshe. Har wa yau bututun da fistin ke kai da kawowa a ciki ana iya zare shi a sa sabo, ba sai an jefad da injin duka ba. Wannan shi ya ƙarfafa mana zuciya, domin abin da bakaniken ƙauye zai iya kwancewa da sifana shi ya dace da daji.

GUDUMA KAFIN FENTI

Da muka sami izni daga hukumar kwaleji, muka kira wani dattijon bakanike wanda ya yi zamani da irin waɗannan motoci. Ɗalibanmu na sashen sana'a suka taru suna gardamar launin fentin da za a shafa mata. Dattijo bai ce musu kome ba. Ya sa aka ɗaga ta, aka tokare ta da ƙarafan tsayawa masu ƙarfi, gama bai yarda kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita ba. Sa'an nan ya ɗauki ƙaramar guduma ya shiga yana ƙwanƙwasa ƙashin bayanta taki taki. Inda ƙarfe ke da lafiya sai a ji amo garau. Da ya iso wurin da sifirin na baya ya kama jikin mota, ya buga sau ɗaya, guduma ta faɗa ciki kamar an bugi busasshiyar ƙwarya. Ya fito ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "To, wane launi za ku shafa wa wannan rami?"

Nan muka koyi darasin da ya fi kowane girma cikin aikin nan. Da mun bi son idonmu mun yi fenti mun ɗora kaya, da wata rana sifirin ya ɓalle muna cikin gudu.

Tsatsa fa ba ta zuwa sai abu uku sun gamu: ƙarfe, da ruwa, da iskar da mu ke shaƙa. Muguntarta ita ce ba ta rufe ƙarfe ta kāre shi. Ɓamɓarewa ta ke yi, tana shan laima kamar soso, tana buɗe sabon wuri. Saboda haka ba inda rana ke duka ta fi ci ba, sai lungunan da laka ta maƙale ta ƙi bushewa: bayan tayoyi, ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa, gindin ƙofofi inda ƙananan hudojin fitar ruwa suka toshe, da wurin zaman batir inda ruwansa mai cin ƙarfe ke ɗiga.

Magani kuwa hawa biyu ne. Inda tsatsar ta tsaya a sama, a kankare ta da burushin waya da takardar yashi har ƙarfe ya fito fari, a shafa maganin tsatsa mai asid na fosforik, sa'an nan jan fentin ƙasa, kana fentin sama. Inda ta huda ko ta sa ƙarfe ya yi laushi, babu abin yi sai a yanke wurin har a kai ga lafiyayyen ƙarfe, mai walda ya sa sabo mai kauri daidai da na da. Cusa ƙullin liƙi a rami a shafe da fenti ruɗin kai ne, damina ɗaya za ta tona asiri.

BIRKI KAFIN INJI

Bayan ƙashin baya, dattijo ya ce sai birki da sitiyari, domin motar da ba ta tashi ba ba ta kashe kowa ba, amma wadda ta tashi ta ƙi tsayawa ta kan kashe. Man birki ya kan sha laima in ya daɗe, ya ci bututun ƙarfe daga ciki, robobi kuma su tsattsage. Muka sake robobin duka da man, amma don tsimi muka bar wani bututu da ya yi kyau a ido. Ran gwaji a filin ƙwallo, direba ya taka birki da ƙarfi, bututun nan ya fashe, mota ta yi ta mirginawa har ta tsaya cikin ciyawa. Muka gode wa Allah da abin bai same mu a gangare ba, muka sake bututan gaba ɗaya.

Tayoyi ma sababbi muka sa. Kowace taya tana da lamba 4 a gefenta, biyu na farko makon da aka yi ta, biyu na ƙarshe shekara. Wanda ya ga 1223, watau mako na 12 ke nan na 2023. Tsohuwar taya ko haƙoranta ba su cinye ba, robarta ta riga ta mutu.

Sai inji. Ba mu yi gaggawar murɗa mabuɗi ba. Muka cire fulogi, muka zuba ɗan mai a kowace silinda, muka bar shi kwanaki ya jiƙa, sa'an nan muka juya injin da hannu a hankali har ya saki. Aka juye tsohon baƙin mai, aka wanke lagireto, aka kwance kafireta aka fid da dasƙararren fetur da ya zama kamar ƙaro. Tankin mai muka sauke muka wanke, aka kuwa gargaɗe mu kada wuta ta kusance shi, gama tururin fetur ya fi fetur ɗin kansa saurin fashewa. Wayoyin da ɓeraye suka cinye aka sake su. Famfon ruwan da ya jawo duk wannan wahala, da waɗansu kayan, a kasuwar Panteka ta Kaduna da ta Ƙofar Ruwa a Kano muka same su. Ran da ta yi tari sau biyu ta kama, ɗalibai suka yi ta sowa har aka fito daga azuzuwa. Fenti shi ya zo ƙarshe, bayan an sabunta takardunta da inshora, masu duba lafiyar motoci kuma sun gan ta.

SHIRIN DAJI

Ba a fafe gora ranar tafiya. Muka sa aka lanƙwasa ƙarafa a bayanta aka ɗaura tamfol, wanda da dare mu kan ja shi gefe ya zama rumfa. Kayan da ba mu tashi sai da su su ne tayar safaya 2, famfon iska, shebur, igiya mai ƙarfi, faffaɗan katako na ɗora jak a yashi, fambel da fulogi na ajiya, jarkokin ruwa, gidan sauro da akwatin magani. Kaya masu nauyi a ƙasa su ke zama, kusa da bayan direba. Ba mu ɗaukar mutane a bayan, na kaya ne. In mun shiga yashi mu kan rage iskar taya kaɗan, in mun fita mu mayar.

Dokokin kwana ma mun tsare su. Ba ma tafiyar dare. Ba ma sauka cikin busasshen rafi, domin ruwan da aka yi a nesa ya kan iso ba sallama. Ba ma shiga da gawayi mai ci cikin rufaffen tanti, gama hayaƙinsa marar wari ya kan kashe mai barci. Kafin mu bi kowace hanya sai mun tambayi hukuma da mutanen wurin halin zaman lafiya, in an ce a dakata mu dakata. Ko'ina muka isa kuwa, gidan mai gari mu ke fara zuwa mu yi gaisuwa, shi zai nuna mana wurin sauka.

Da haka muka zaga makarantun da muka daɗe ba mu leƙa ba, muna kwana a harabarsu. Mun iske wani ɗalibinmu yana koyad da lissafi da tsakuwa da ƙwallon goruba, gwaninta wadda da muna zaune a ofis ba za mu taɓa sani ba. Mun kuma iske wani yana kwafe littafi a allo ba bayani, muka zauna da shi bayan an tashi muka nuna masa hanya.

Da hutu ya zo muka kai 'yan ajin ƙarshe gandun dajin Yankari na Jihar Bauchi, su a bas, a-kori-kura na biye da abinci da shimfiɗu. An keɓe dajin nan cikin 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara cikin 1962. Ɗalibai suka ga sawun giwaye kusa da kogin Gaji, suka yi wanka a maɓuɓɓugar Wikki wadda ɗuminta ya ke wajen digiri 31 rani da damina, wani gwaggon biri kuma ya sace musu burodi a idonsu. Gani ya kori ji. Wanda ya ga wannan ba zai koyad da labarin ƙasa kamar mai karanta wasiƙar wani ba.

Ba mu ce kowace tsohuwar mota ta isa a tashe ta ba. Wadda tsatsa ta game ƙashin bayanta duka, a bar ta, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Amma kafin a yanke hukunci a kira mai guduma ya saurara. Tamu yanzu tana da rumfa, tana da littafin da a ke rubuta kowane gyara, ana wanke ƙarƙashinta duk sa'ad da ta dawo daga laka, yoyo kome ƙanƙantarsa ba ya kwana bakwai ba a duba shi ba. Shugabannin makarantu da na ofisoshi, muna roƙonku ku zagaya bayan ɗakin ajiyarku ku duba. Allah ya kiyaye hanya, amin.