Farar Bazara: Dalilin da Ya Sa Mai Daɗin Take Wuyar Samu a Filinge

Wanda ya sauka a tashar Filinge cikin watan Afrilu zai tarar da fara a kan tire, an ƙulla ta a ƙananan ledoji, ta yi jawur da yaji. Ido zai ce masa ita ce dai wadda ya ci a watan Nuwamba. Harshe ne ke ƙaryata idon. Ta kaka tana ƙaras-ƙaras a baki, da maiƙo a cikinta, da wani ƙamshi mai kama da na soyayyar gyaɗa. Ta bazara kuwa sau da yawa rumus take, kai ya rabu da jiki, ƙasan leda duk gari, bayan an haɗiye kuma ta bar maƙaƙi a wuya. Shi ya sa masu saye da suka san kan abin ba su fara tambayar kuɗi, sai su ce: "Inna, hwarar ta yaushe ce?"

Babu gidan abinci a Kurfai, ƙasar da Filinge take, da zai rubuta fara a allonsa. Wurin cinta shi ne tiren matar da ke bakin tasha, da ƙofar lakwal, da gefen kasuwa. A can ne aka ga sauyin da nake son dubawa. Lokacin ƙuruciyata fara abincin lokaci ce kamar ɗanyar masara: ta zo da kaka, ta raka mu cikin ɗari, ta tafi, ba mai neman ta sai baɗi. Yanzu shekara take zagayowa a kan tire. Yawan watannin samunta ya ƙaru, amma watannin samun mai kyau suna nan yadda suke, ina ma ganin sun ragu ga mutumin Filinge.

Sai an fara daga halittar kanta. Yawancin farar da ke gonakinmu ƙwai take bari a cikin ƙasa idan damina ta ƙare, ƙwan ya yi barcin rani har ruwan farko ya tashe shi. Wasu manyan irin, kamar babe, da ransu suke ƙetare rani a cikin itatuwa, suna cin kitsen da suka tara. Ko wanne iri ne, lokacin da fara ta fi ƙiba shi ne ƙarshen damina zuwa farkon ɗari, daga Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da ta ƙoshi da ɗanyen ganye da gero, matan wasu irin kuma cikinsu cike da ƙwai. A wannan lokacin ne kuma sanyin asuba ke ɗaure mata fukafukai. Mata da yara su fita da cocila tun kafin kiran salla, su kakkaɓe sabara da geza da kalgo, su tsince ta kamar ana tsintar magarya. Rana na ɗagawa ta warware, aikin ya ƙare. Duk farar da za a ci a bazara da farkon damina daga waɗannan 'yan makonni ta fito, in ban da ɗan abin da ake kamawa can da can, wanda ya riga ya rame.

A nan nake ganin an fi yin kuskure wajen ɗora laifi. Mai saye yana zargin mai suya, alhali daɗin fara ko rashinsa an riga an yanke shi a kwana ukun farko bayan kamu. Wadda ta iya aikin takan bar farar a buhu ta kwana, ta fitar da abin da ke cikinta, domin shi ne ke kawo ɗaci. Sannan ta zuba ta da ranta a tafasasshen ruwan gishiri. Wannan ya yi daidai da abin da malamanmu na mazhabar Malikiyya suke karantarwa, cewa fara halal ce amma sai an yi sanadin mutuwarta, ba a tsinto mushenta ba. Daga nan sai shanya a kan tabarma, ana juyawa, har ta bushe ƙayau ciki da waje. Mai gaggawa, wadda ɗan kasuwa ke tsaye a kanta da kuɗi, takan tsallake kwanan buhun, ta kuma kwashe shanyar da sauran danshi, tun da ɗanyar ta fi cika tiya. Irin wannan farar ba ta nuna aibinta a Nuwamba. Sai zafin bazara ya shigo take tonawa.

To me ya kawo gaggawar? Yamai. Tsakanin Filinge da babban birni kimanin kilomita 180 ne, hanya ɗaya ta Baleyara, kuma a kasuwar Katako buhu-buhu ake jibge fara. Mutanen birni, har waɗanda a da suke ganin ta abincin ƙauye, sun karɓe ta hannu biyu. Ana cin ta da kwaɗon garin rogo, ana cin ta haka nan da shayi, 'yan mata suna soya ta da tafarnuwa da lemun tsami su tallata a Facebook da WhatsApp. Ta zama tsarabar da ake aika wa 'yan ci-rani a Kwatano da Lome da Abijan, inda Kurfayawa da yawa ke neman abinci. Ɗan kasuwar da ya shigo Bonkuku ko Cikal cikin kaka ya san abin da yake nema: manya, masu ƙwai, waɗanda ba su kakkarye ba. Su yake zaɓa, su yake biya da daraja. Abin da ya rage a gari shi ne ƙanana da gauraye.

Abin da ke biyo baya duk manomi ya san shi, don haka gero ke yi masa. A sayar da arha lokacin da kowa ke da shi, saboda ga bashin damina, ga biki, ga kuɗin magani. Idan bazara ta yi, matar da ke suya a tasha ta nemi busasshiya a gari ta rasa, sai ta aika a saro mata daga Baleyara ko Yamai. Wani lokaci farar yankin ce ta dawo, ta sha hanya sau biyu, ta kwana watanni a rumfa ƙarƙashin kwano. Wani lokaci kuma ta wasu jihohi ce, ba wanda zai iya faɗin inda aka kama ta ko yaushe. Kuɗinta ya ninka, ingancinta ya faɗi. Wannan shi ya fi ci mini rai a duk lamarin: garin da 'ya'yansa suka sha raɓar asuba wajen kamu shi ne ke cin saura.

Sai zafi ya yi nasa aikin. A Afrilu da Mayu ma'aunin zafi a yankin Dallol Boso, inda Filinge take, yakan wuce 40 kusan kullum. Kitsen da ya sa farar kaka daɗi shi ne abin da ya fi saurin lalacewa idan ya haɗu da zafi da iska, kamar yadda ƙuli-ƙuli ke canza ɗanɗano idan ya daɗe. Mafi ƙibar fara ita ce ta fi saurin juyawa. Ga ƙwarin ajiya da ke cinye ta daga ciki su bar ɓawo, ga fumfuna idan hadarin farko ya kawo danshi.

Mai suya ma tana da nata ƙuncin, kuma ba na son a raina shi. Man girkin da ake sayarwa a kasuwanninmu mafi yawansa daga waje yake shigowa. An rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, hanyar Benin kuma ta toshe. Mai ya yi tsada, ƙullin dala ashirin kuwa mai saye bai yarda a ƙara masa kuɗi ba. Abin da ya rage mata shi ne ta rage yawan ƙullin, ta maimaita man jiya, wani lokaci wanda aka riga aka soya ƙosai ko kifi da shi, ta kuma ƙara barkono da dunƙulen ɗanɗano. Jan nan da ke jan ido a bazara sau da yawa rufin asiri ne.

Akwai dalilin da ba a cika haɗa shi da fara ba, wato tsaro. Kamun fara aikin duhu ne a cikin daji. A arewacin Filinge, wajen Abala da Sanam, shekarun nan fita daji da asuba ba abu ne da uwa za ta tura 'ya'yanta da kwanciyar rai ba. Ƙauyuka sun watse, gonaki sun koma saura, hana zirga-zirgar babura da aka yi a sassan jihar Tilaberi daga farkon 2020 ya yanke hanyar da ƙananan buhuna ke bi su iso kasuwa. Filin kamu ya ƙuntata daidai lokacin da masu so suka ƙaru.

Abin da ya fi nauyi na bar shi sai yanzu. Fara abinci ce, fara kuma annoba ce, yammacin Nijar ya san fuskokin nan biyu. Yunwar 1931 da ta ɗaiɗaita wannan yanki, fara na cikin manyan sanadinta, har maƙwabtanmu Zabarmawa suka sa wa shekarar sunan fara. A 2004 farar hamada ta sauko ta haɗu da ƙarancin ruwa, 2005 ta zo da wahalar da har yau ba a manta ba. Don haka ba wanda zai ga laifin manomi ko ma'aikacin gona idan ya ɗauki famfon feshi. Amma farar da aka fesa wa guba ba ta mutuwa nan take. Takan yi laushi, ta kasa tashi, ita ce kuma mafi sauƙin tsinta. Lokacin da fara ke tsayawa a ƙauyen da aka kama ta, kowa ya san gonar da aka fesa, a guje ta. Da ta shiga buhun ɗan kasuwa ta gauraya da ta garuruwa goma, wannan sanin ya ɓace. Tafasa da suya ba tabbas ba ne cewa sun raba ta da gubar. Akwai kuma tsoro na biyu, na maganin ƙwari da wasu ke zuba wa kayan ajiya. Mun ga yadda ya kai Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Duk abin da zai kwana wata shida a rumfa yana jan hannun mai shi zuwa ga irin wannan magani, mai sayen ƙulli ɗaya kuwa ba shi da hanyar ganewa. Ga shi akwai maganin fara da ba guba ba ne ga mutum, Green Muscle, wanda aka haɗa daga wata fumfuna mai kama fara kaɗai, kuma a Nijar aka yi wasu daga cikin manyan gwaje-gwajensa. Sai dai yakan ɗauki kwanaki kafin ya kashe, manomin da ke kallon ana cin zangarniyarsa kuwa ba shi da haƙurin kwanaki.

Duk da haka ba zan ce a koma yadda ake a da ba. Kasuwar fara ta sa kuɗi a hannun matan da ba su da gona ba su da tumaki, a 'yan makonnin da kamu ke yi. Fiye da rabin nauyin busasshiyar fara furotin ne, ga sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, kuma tana samuwa a watannin da rumbu ya yi ƙasa, nama ya fi ƙarfin aljihu. Yaron da ya ci kwaɗon gari da ƙullin fara a watan Yuni ya fi wanda ya ci garin zalla, ko da farar ba ta kai ta kaka daɗi ba. Duniya ma ta biyo baya: a Nuwamban 2021 Tarayyar Turai ta amince a sayar da wani nau'in fara a matsayin abincin mutane. Idan na auna, riba ta fi hasara, amma ribar mai tsoka tana tafiya wajen mai rumfar ajiya, hasarar ɗanɗano da haɗarin lafiya suna sauka kan mai saye na ƙarshe.

Gyaran da nake gani bai fi ƙarfin gari ba. Buhun nan mai ruɓi uku na PICS, wanda manoman wake suka saba da shi tun wajen 2007, yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba tare da magani ba. Ya kamata ƙungiyoyin mata su gwada shi da farar da ta bushe sosai, a ajiye a ɗakin ƙasa mai sanyi maimakon ƙarƙashin kwano. Idan asusun adashe ya iya riƙe mace ta ƙi sayar da rabin abin da ta kama sai Maris, kuɗin bazara zai shiga hannunta, Filinge kuma ta ci farar da ta san gonarta. Ma'aikatan gona su riƙa sanar da masu gari wurin da aka fesa da ranar da aka fesa, a faɗa a masallaci da rediyon gari.

Kafin a kai can, mai neman ta kirki a bazara yana da 'yan dabaru. Ya nemi matar da ke ajiye tata da kanta, ba mai sarowa ba. A kowace unguwa an san su. Ya roƙi a nuna masa busasshiyar kafin ta shiga mai: cikakkiyar jiki, launin ƙasa-ƙasa mai haske, babu gari a gindin kwarya, babu wari mai hawa kai. Idan hali ya yi, ya sayi tiya tun Disamba, a cire fukafukai da ƙafafun ƙaya, a ƙara mata rana ɗaya a kan tabarma, a rufe a tulu ko kwalba, a riƙa ɗiba ana soyawa a gida da sabon man gyaɗa da albasa.